Takardar Duwan da Takardar Likita: Daga Ina Suka Samo Asali?

 A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, shugabanni sun ba ofishin magatakarda aikin rubuta tarihin wani abu da ya shafi kowa. Muka zaɓi takardu, domin babu ƙorafin da ya fi nasu yawa a littafin ofis.

Duk mai fita da shanu, awaki, ƙiraga ko kilishi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Ƙwanni zuwa Illela, ko mai kai dabba kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san takardu iri biyu ake tambayarsa: ta duwan, wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa kwastan, da ta likitan dabbobi. Da yawa daga cikinmu kuɗin goro suke yi musu, suna ganin duk hanya ce ta tatsar ɗan kasuwa. Amma asalinsu ba ɗaya ba ne, kuma sanin bambancin zai iya tsare wa mutum jarinsa.

Kafin a ja iyaka

Biyan kuɗi a hanya ya girmi zuwan Turawa. Fatake kakanninmu suna tafiya ayari ƙarƙashin madugu, suna biyan kuɗin fito a bakin kogi, suna ba sarakunan da suka ratsa ƙasarsu abin da aka yanka musu. Jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi, bayan majema sun gama da ita, raƙuma ke ɗaukarta daga Kano su ƙetare hamada zuwa Tarabulus, har ta isa Turai inda aka san ta da sunan fatar Maroko. A wancan zamani ana tambayar falke nawa ne kayansa. Ba a tambayarsa lafiyar dabbarsa.

Iyakar da muke ƙetarewa yau Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka bi ƙasa aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Katsina ta faɗa gefe guda, Maraɗi gefe guda, alhali jini ɗaya ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya juya baya ga hamada ya fuskanci Ikko. Kowace gwamnati ta kafa masu karɓar haraji a nata gefen. Wannan shi ne tushen takardar duwan: hanyar samun kuɗin shiga ce ta hukuma, tana hawa tana sauka yadda masu mulki suka so.

Shekarar Sannu

Ita takardar likita, mutuwar shanu ce ta haife ta. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar ruwa ta Masawa, a bakin Bahar Maliya, ashe suna ɗauke da ciwon bushiya. Cutar ta bi garke zuwa garke, ta iso ƙasashenmu wajen 1890 zuwa 1891. A wurare da dama, cikin shanu goma tara sun faɗi. Bafulatanin da ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kawai. An ce wannan annoba Sannu aka riƙa kiranta, domin abin da ake iya ce wa mai shanu ke nan. Babu shinge, babu mai duba dabba a mashigi, saboda haka babu abin da ya tare ta.

Turai ma ta ɗanɗana. A 1920 wani jirgin ruwa ɗauke da shanun Indiya da za a kai Barazil ya yada zango a tashar Antuwaf ta Beljiyam, bushiya ta ɓulla a ƙasar. Wannan ya sa ƙasashe 28 suka haɗu suka kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, OIE, a birnin Paris a 1924. Ƙa'idar da aka tsaya a kai ita ce duk ƙasar da cuta ta ɓulla cikinta ta sanar da sauran, kuma dabba ko abin da ya fito daga jikinta ya bi da shaidar likita kafin ya ƙetare iyaka. A wannan shekarar ce kuma aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, wadda har yau take haɗa alluran rigakafi.

Masu fatu su ma ƙa'idar ta same su. Masana'antun Turai suna tsoron ciwon saifa, domin ƙwayarsa na daɗewa a busasshiyar fata tana kama ma'aikacin da ya taɓa ta. Suna kuma ƙin fatar da wuƙa ta ɓula ko wadda aka shanya a ƙasa cikin rana. Sai aka sa masu duba fatu a mahauta, aka koya wa mutane fiɗa da kulawa da shanya a rataye cikin inuwa. Wanda ya bi, fatarsa ta hau daraja ta fari. Wanda ya ƙi, ya sayar da arha.

Huda a kunne

Bayan samun 'yanci, a 1962, Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru suka fara gangamin allurar bushiya tare, wanda aka sani da JP15. Dattawanmu suna tuna shi. Ana tara shanu a yi musu allura, a huda kunne don a gane wadda aka yi wa, shekara uku a jere. Wannan huda ita ce fasfon saniya na farko da makiyayi ya yarda da shi, domin ya ga amfaninsa da idonsa. Cutar ta lafa har aka ɗauka ta tafi.

Da gangamin ya ƙare a 1976, ƙasashe suka yi sakaci da allurar 'yan maruƙa da tsaron mashigai. Bushiya ta dawo, a 1983 ta yi mummunar ɓarna a garkunan Najeriya da maƙwabta. Dole aka sake sabon gangami na Afirka baki ɗaya a 1986. Sai a 2011 aka sanar cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa. Daga Masawa zuwa wannan sanarwa shekara 124 ke nan. Abin da ya kashe ta allura ce, da sa ido a iyaka, da ƙasashe masu faɗa wa juna gaskiya.

Takardar da siyasa ke juyawa

A gefen duwan kuwa labarin daban ne. An kafa CEDEAO, wato ECOWAS, a Ikko a 1975, kuma tun 1979 aka amince cewa kayan gona da na kiwo da ba a sarrafa ba za su iya yawo tsakanin ƙasashenta ba tare da harajin shigo da kaya ba. A 1998 aka fito da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya, wadda ke nuna yawan garke da alluran da aka yi masa da hanyar da zai bi. A rubuce abin ya yi kyau. A kan hanya kowa ya san yawan shingayen da tirelar shanu ke tsayawa kafin ta kai kudu.

Sau uku a zamanin da muke iya tunawa aka rufe mana iyaka: daga 1984 zuwa 1986, lokacin da fari ya haɗu da rufewar har mutanen Nijar suka sa wa yunwar suna El-Buhari, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, lissafin kowane falke ya canja. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna saboda yadda ake yanka su don fatarsu. Ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO. Duk waɗannan hukunci ne na masu mulki. Namu shi ne mu bi labari, mu yi magana da murya ɗaya idan an cuce mu.

Cutar da ba ta san shinge ba

Takardar likita ba ta bin wannan juyi, domin cuta ba ta san wanda ke mulki ba. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, Jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magariya. Aka hana safarar kaji, aka kashe na kashewa, masu cinikin kaji da zabi da ƙwai suka zauna a gida, har da waɗanda tsuntsayensu lafiya lau suke. A 2023 ciwon saifa ya ɓulla a arewacin Gana, gwamnatin Najeriya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda, sannan a watan Yuli aka tabbatar da shi a wata gona a Suleja. Masu kai ƙiraga kudu sun ji wannan a aljihunsu. Haka nan mai kilishin da ya cika jaka zai kai Turai, a filin jirgi za a karɓe, domin dokarsu ta hana matafiyi shiga da nama daga waje, kome kyan gashinsa.

A nan ne tarihin ya zo kanmu. Mun san akwai masu sayen takardar likita ba tare da likita ya ga dabba ko ɗaya ba. Mun san akwai masu bin daji da dare da garken da ke tari, don kada a tsare shi. Mun kuma san cewa yawan karɓe-karɓe a hanya ne ke tura wasu dajin, kuma ƙungiya za ta ci gaba da kai wannan kuka inda ya dace. Amma a lura da bambancin. Wanda ya kauce wa duwan, in an kama shi, shi kaɗai zai biya tara. Wanda ya shigar da sa mai ciwon huhu cikin kara, ya jawo wa kowa: dillali, da fatoma, da direba, da mahauci, da makiyayin da ya sayi maraƙi ya kai rugarsa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kasuwar da aka rufe saboda cuta, babu hanyar dajin da za ta buɗe ta, domin mai sayen ne da kansa ya gudu.

Saboda haka roƙon ofis ga 'yan ƙungiya guda huɗu ne. A kai dabba gaban likita ya duba ta kafin ya sa hannu. A tabbatar adadin da ke cikin takarda ya yi daidai da wanda ke cikin mota. Kada a sayi fatar dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta dubura, kome arharta, kuma kada a feɗe ta. A sanar da ma'aikatan kiwo. Duk kuɗin da aka biya a nemi rasit, a kawo mana kwafi, domin da shi muke kafa hujja idan mun zauna da hukuma.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, Ya tsare dukiyarmu da hanyoyinmu, Ya maimaita mana. Amin.