Rabon Abinci a Gidajen Kudancin Kano Bayan Gina Madatsar Ruwa ta Tiga

A ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, gandu ne ginshiƙin ciyar da iyali tun zamanin kakanni. Maigida ke riƙe da rumbu, shi ke fitar da awo. Matar da ke da girki kuwa ita ke rabon tuwo: ta fara da akushin maigida da baƙinsa, sa'an nan kwanon samari, daga bisani mata da yara. Amma abin da mace ta samu daga sana'arta nata ne ita kaɗai. Watau tukunya ɗaya ce a gida, aljihu kuwa biyu.

Wannan tsari ya gamu da jarrabawa bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwa ya cinye gonaki, aka sauya wa ƙauyuka matsuguni. A can ƙasa kuwa, wajen Kadawa, noman rani ya buɗe, alkama da tumatir suka kawo kuɗi. Sai dai galibin kuɗin amfanin gonar hannun maza ya shiga, kuma sharar filayen ban-ruwa ta tafi da itatuwa irin su ɗorawa, wadda da kalwarta mata ke yin daddawa.

Tun kafin wannan, binciken Emmy Simmons a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, daga 1970 zuwa 1971, ya nuna cewa abincin rana yawanci sayensa ake yi daga wajen matan kulle. Cecile Jackson, wadda ta yi nazarin Shirin Kogin Kano, ta tarar cinikin dafaffen abinci na irin waɗannan mata ya ƙaru, alhali matan Maguzawa masu noma da hannunsu sun fi jin jiki. A 1977 ma, mata masu tsinkar wake a gonar wani kamfanin Turawa a Kadawa suka yi yajin aiki saboda ƙarancin lada.

Saboda haka ƙaruwar kuɗi ba ita kaɗai ke ƙosar da yaro ba, sai an duba hannun da ya karɓe su. Na maigida suna iya ƙara awo da cefane, suna kuma iya ƙarewa a teburin mai shayi ko tukubar mai tsire. Ƙosai da furar da yaro ke samu da hantsi kuwa, sau da yawa daga ɗaurin zanen uwa suke fitowa. Duk manazarcin da ya auna arzikin gida da rumbun maigida kawai, rabin lissafi ya yi.