Daga Jakin Fatake Zuwa Batir: Tarihin Abin Hawa a Zongon Lome

Gabatarwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta fita daga birnin Lome ta nufi arewacin Togo, zai iske unguwar Zongo a gefen titi, daura da filin da manyan motocin Nijar da Burkina Faso ke yada zango. Tun daga shekarar 2022, a cikin dubban baburan da ke kai-komo a wannan hanya, an soma ganin waɗansu da ba su ƙara, ba su kuma fitar da hayaƙi, domin da batir suke tafiya. Akwai kuma motoci ruwa-biyu, wato masu haɗa injin fetur da na lantarki. Ra'ayin masu waɗannan ababen hawa ya rabu: wasu na yabo, wasu na ɗari-ɗari. Ba a fahimtar wannan rabuwa sai an koma ga tarihin unguwar, domin mutanen Zongo sun gaji ma'aunin da suke auna abin hawa da shi tun zamanin fatake. Ma'aunin tambayoyi huɗu ne: me yake ci, ina zai yada zango, wa zai yi masa magani, kuma nawa zai yi ranar da za a sayar da shi?

Asalin Zango

Kalmar zango a Hausa tana nufin wurin da ayari ke sauka ya kwana, tana kuma nufin tazarar da ke tsakanin masauki da masauki. A ƙarni na 19, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna ɗora wa jakuna da takarkarai kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja domin sayen goro a kasuwar Salaga. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ratsa ta Sansanne Mango, a arewacin Togo ta yau. Tafiyar takan ɗauki watanni, kuma babban aikin madugu shi ne lissafin zango: inda za a sami ruwa da ciyawa, da nisan da jaki zai iya yi da kaya kafin ya gaza. Madugun da ya kuskure wannan lissafi, dukiyar mutane ce zai salwantar. A bakin mutanen kurmi kalmar ta koma Zongo, ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi a garuruwan Gana da Togo da Benin.

Bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, hanyoyin ciniki suka soma karkata zuwa bakin teku. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar garin, wasu suka koma Kete-Krachi, wasu suka gangara kudu. A daidai wannan lokaci ne Lome ke tasowa. Jamus ta kafa mulkinta a gaɓar Togo a 1884, ta mayar da Lome hedikwata a 1897, ta gina gadar saukar kaya daga jiragen ruwa a 1904. Layin dogo ya kai Aneho a 1905, Kpalime a 1907, Atakpame kuma a 1911. Jirgin ƙasa, daga baya kuma babbar mota, suka karɓi aikin jaki, amma tsarin cinikin bai sauya ba. Masanin zamantakewa ɗan Faransa, Michel Agier, wanda ya wallafa littafi kan 'yan kasuwar Zongon Lome a 1983, ya nuna cewa cinikin shanu da goro ya dogara ne kan maigida: shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa a kan bashi.

Tashin 1977 da Farashin Nisa

Tsohon Zongo a tsakiyar birni yake, kusa da kasuwa. A 1977 gwamnatin Janar Gnassingbe Eyadema ta rushe shi, aka mayar da mazaunansa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 a arewa. Daga wannan shekara, abin da ɗan kasuwa ke yi da ƙafa ya koma sai da kuɗin mota. Babbar kasuwa da tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1968, duk suna can bakin teku. Nisa ya shiga cikin kuɗin cefane, farashin litar fetur kuma ya zama zancen da ake yi a ƙofar masallaci.

Abubuwa biyu suka cike wannan giɓi. Na farko shi ne tsofaffin motocin Turai, waɗanda ake kira "zuwan Faransa" a harshen Faransanci. Filayen sayar da su suka yawaita a kewayen tashar jiragen ruwa, masu saye na zuwa daga Yamai da Maraɗi da Wagadugu, Hausa kuma ta zama ɗaya daga harsunan cinikin. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka zo. Na biyu shi ne babur ɗin haya, wanda ake kira zemijan ko oleyiya, takwaran acaɓa a Kano da kabu-kabu a Nijar. Daga Benin ya samo asali, amma ya kafu a Lome lokacin yajin aikin gama-gari da aka soma a watan Nuwamba na 1992, wanda ya tsayar da motocin haya tsawon watanni. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ƙara tura matasa cikin sana'ar, baburan Sin masu araha kuma suka cika kasuwa daga baya.

Waɗannan ababen hawa sun amsa tambayoyin fatake duka huɗu. Abincinsu yana ko'ina, har a kwalabe a bakin titi, inda ake sayar da fetur ɗin sumoga da ake kira bude, mai fitowa daga Nijeriya. Bakanike yana kowace kwana. In buƙata ta taso, kafin la'asar dillali ya samo mai saye.

Tsohuwar Fasaha a Sabuwar Riga

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce a tarihi. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya, kuma masu su na yabon su da rashin ƙara da tsabta da sauƙin tayarwa. Abin da ya kayar da su shi ne gajeren zango da tsada. Ford ya fito da motarsa mai araha a 1908, aka kuma soma sa wa motocin fetur na'urar tayar da inji da lantarki a 1912, sai kasuwa ta juya. Fasahar ta farfaɗo ne da Toyota Prius, mota ruwa-biyu da aka soma sayarwa a Japan a 1997, sannan Tesla Roadster a 2008 da Nissan Leaf a 2010.

Gwamnatin Togo ta buɗe ƙofa tun daga kasafin kuɗin 2020, inda ta yi rangwamen kuɗin fito ga motocin da ba su tsufa ba, mafi girmansa kuma ga sababbin motocin lantarki da ruwa-biyu. Sai dai wannan sauƙi ya fi amfanar mai iya sayen mota fil a leda, alhali yawancin masu saye a Zongo tsohuwa suke nema. Shi ya sa motar lantarki zalla ba ta yawaita a titunan Lome ba, lantarkin ya shigo ta kan ƙafa biyu. A 2022 kamfanin M Auto, wanda ya koma Spiro a 2023, ya soma zuba baburan lantarki a Togo da Benin. Lokacin ya dace da shi: a cikin wannan shekarar, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar fetur a gidajen mai na Togo ta tashi daga sefa 505 zuwa 700. Da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ɗin kwalba ma ya daina araha.

Abin da Masu Hawa Suka Gani

A kan tambayar abinci, babur ɗin lantarki ya ci jarrabawa. Ba ya shan baƙin mai, ba shi da fulogi ko kafireta da za su toshe, kuma ƙarancin ƙara da girgiza na rage gajiyar wanda ke yini a kan sirdi. Mai mota ruwa-biyu shi ma yana ganin sauƙi, musamman a cunkoso. Dalili kuwa shi ne injin fetur kan mutu da kansa idan an tsaya, sannan duk lokacin da aka taka birki, ƙarfin da zai tafi a banza yana komawa cikin batir. Hanyar Zongo zuwa bakin teku, mai yawan tsayawa da tashi, ita ce irin wadda wannan mota ta fi so. A doguwar hanya kuwa ribar takan ragu.

A kan tambayar zango ne ra'ayi ya soma rabuwa. Tsarin da aka kawo shi ne musayar batir: mai babur ya je tasha, ya ajiye wanda ya ƙare, ya biya, a ba shi cikakke cikin 'yan mintuna. Wannan ya kawar da zaman jiran caji, amma ya maido da lissafin madugu, domin kafin a ɗauki fasinja sai an auna nisan tafiya da inda tasha ta gaba take. A cikin birni abin na yiwuwa. Ga mai safara zuwa arewa kuwa, daga Lome zuwa Sinkase a kan iyakar Burkina Faso ya haura kilomita 600, zuwa Yamai kuma ya zarce 1,000. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, da rufe iyakarta da Benin, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome, kuma duk da man gas suke tafiya. Ita kanta wutar ba ta da tabbas. Togo na da madatsar Nangbeto tun 1987 da tashar hasken rana ta Blitta tun 2021, amma tana sayo wani kaso na wutarta daga Gana da Nijeriya. Dattawa ba su manta da duhun 1998 ba, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, matasa kuma sun ga ɗauke-ɗauken wuta na 2024.

Tambayar magani ta fi damun mai mota ruwa-biyu. Kamfanoni kan tsaya wa babban batir na kimanin shekara 8 ko kilomita 160,000, motar da ta iso Lome da shekara goma kuwa ta riga ta wuce wannan iyaka. Zafi na gaggauta tsufan batir, ƙurar hunturu kuma na toshe fankar da ke sanyaya shi. Ƙarfin wutarsa a Prius ya haura bolt 200, abin da ke iya kisa, don haka gyaransa na buƙatar na'urar bincike da horo, ba kunne da sifana kaɗai ba. Masu wannan ƙwarewa ba su kai yawan masu gyaran injin fetur ba. Mai saye na iya tara ribar mai ta shekara biyu, batir ya cinye ta rana ɗaya.

Tambaya ta huɗu ita ce mafi nauyi. A Zongo abin hawa ajiya ne, kamar sa a turke: ana sayar da shi ranar aure ko jinya ko karayar jari. A tsarin musaya, batir na kamfani ne, babur kuma ba ya motsi sai da shi, kuma batir ɗin wani kamfani ba lallai ya shiga babur ɗin wani ba. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Ga matashin da ba shi da jari, biya kaɗan-kaɗan wata ƙofa ce da ba ya da ita a da. Ga wanda ya saba da mallaka, kamfani ya zama sabon maigida: shi ke ba da abin hawa, shi ke ciyar da shi, shi ke yanke farashi. Bambancin shi ne tsohon maigida maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi a sahun salla, ana iya aika masa dattijo ya nemi a ɗaga ƙafa. Manhajar waya ba ta san wannan ba.

Akwai kuma waɗanda sauyin ya shafa ba tare da sun sayi komai ba. Bakanike da yaransa, mai sayar da baƙin mai, mai fetur a kwalba, duk a jikin injin fetur suke ci. Yadda jirgin ƙasa ya rage wa masu jakuna aiki, haka batir ke iya rage wa waɗannan, sai fa wanda ya koyi sabon gyara.

Kammalawa

Tarihin Zongon Lome bai nuna mutane masu gudun sabon abu ba. Sun bar jaki sun hau jirgin ƙasa, sun bar jirgi sun hau babbar mota, sun rungumi babur lokacin da birni ya yi musu nisa. A kowane karo sun jira ne har abin ya amsa tambayoyinsu. Lantarki ya amsa ta abinci, ya soma amsa ta zango a cikin birni. Saura ta magani da ta mallaka, kuma amsarsu tana wurin masu horar da makanikai, da masu samar da wuta, da masu tsara dokar da za ta fayyace haƙƙin mai babur a kan batir ɗin da yake hawa. Ranar da dillalin Zongo ya iya duba tsohon babur ɗin lantarki ya yanka masa farashi ba tare da ya tambayi kowa ba, ranar ce za a ce ya zama ɗan unguwa.