Wane nauyi ginshiƙin dogon bene yake ɗauka?

Jama'a, kafin injiniya ya yanke kaurin ginshiƙi da yawan ƙarfen cikinsa, manyan nauyi uku yake lissafawa.

Na farko, nauyin ginin kansa: siminti, bulo, ƙarfe, rufi. Na biyu, abin da ake ɗora masa: mutane, buhunan hatsi, tankin ruwa; lita 1000 kaɗai tan guda ce. Na uku iska, mai tunkuɗar gini ta gefe. Saboda ita ne Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, yake tsukewa daki-daki zuwa sama.

Duk nauyin nan kan ginshiƙan ƙasa yake sauka. Don haka muna roƙon ƴan uwa masu aiko kuɗin gini: kar a ƙara hawa bisa gida sai injiniya ya duba ginshiƙai da tushe.