Tubali da Bulo: Ginin Makarantun Zamani a Birnin Kebbi da Argungu

Duk wanda ya dubi tsohuwar fadar Argungu, wadda ake danganta gininta ga Sarkin Kabi Yakubu Nabame, zai ga dabarar da maginan ƙasar suka yi wa zafin kwarin Rima: bango mai kauri na tubali, rufin azara, da 'yan tagogi can sama. Bango ya wuni yana shan zafi, ba ya sakinsa sai dare. A 1942 aka tashi daga wannan gida zuwa sabuwar fada, a 1958 kuma aka mai da shi gidan tarihi na Kanta. A tsakanin waɗannan shekaru ne wani salon gini dabam ya kafu a Nijeriya.

Waɗanda suka fi fito da shi su ne Maxwell Fry da Jane Drew, masu zanen gine-gine 'yan Ingila, musamman a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Salon ba ya son ado. Jerin azuzuwa ne dogo, faɗin ɗaki guda, a miƙe gabas da yamma don kada rana ta bugi tagogi. Ga baranda, ga bango mai huji-huji, iska ta shiga nan ta fita can. Wannan fasali ya bazu a makarantun gwamnati har Birnin Kebbi da Argungu. A Birnin Kebbi, da yake gari ne a kan tudu mai kallon fadama, gidan da ke gefen gangare yakan ci moriyarsa da damina.

To amma an yi shi ne domin ƙasar gumi. Iskar Kabi a watan Afrilu wuta ce, da hunturu kuwa ƙura ce, watau tagar da ta rayar da ajin Ibadan ita ce ta wahalar da na nan. Su kansu Fry da Drew, littafinsu na 1956 a kan yanki mai laima ya tsaya. Sai a 1964 suka fitar da wanda ya haɗa da busasshiyar ƙasa.

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya ƙara dagula al'amarin, domin gaggawa ta sa an riƙe siffar an yar da lissafin: siririn bulo, kwano a bisa, sau da yawa ba silin. Harshe ma ya shaida. Bulo, siminti da baranda sun zauna daram a bakin ɗalibi, alhali kuwa makuba da ɗaurin guga sai malami ya tsaya ya yi masa bayaninsu.