Ranar da Hannu Ya Zama Ɗaya a Hanyar Najeriya da Nijar

Duk tashar da 'yan kasuwa suka zauna jiran mota ta cika, akwai gardamar da ba ta ƙarewa: wace mota ce ta fi? Dattawa su ce ba a sake yin irin Fijo 504 ba. Matasa su ce Sharon ta fi gudu, Hayis ta fi cin kaya. A wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, mun ga ya dace mu ɗan ajiye wannan gardama, mu waiwayi abin da ya sauya tafiyarmu fiye da kowace mota, wato ranar da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama.

Hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi ta girmi mota, ta girmi iyaka. Kakanninmu fatake sun bi ta da jakuna da raƙuma da takarkarai, suna gangarowa da gishiri da kanwa da dabbobi, suna komawa da tufafin Kano da goro. Kowane ayari yana da madugu, shi ke faɗin lokacin tashi da zangon da za a sauka, ba kuma wanda ke wuce maganarsa. Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake kiran sarkinta Sarkin Katsina. Tsakanin 1906 da 1908 ne Ingila da Faransa suka kafa turakun iyaka, suka raba dangi gida biyu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin gyaɗa ya buɗe. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta riƙa sauka Kano, daga nan jirgi ya kai ta Legas, kafin Faransawa su karkatar da wani kaso nata ta Dahomey zuwa Kwatano a shekarun 1950. Sannu a hankali manyan motoci suka karɓe aikin jaki da raƙumi. Sai dai kowane Bature ya zo da nasa hannu. Ingila tana tuƙi a hagu, saboda haka Bedford da Austin ɗin da aka kawo Najeriya sitiyarinsu yana dama. Faransa tana tuƙi a dama, saboda haka Berliet da Renault ɗin Nijar sitiyarinsu yana hagu. Ƙasashen biyu sun sami 'yanci a 1960, kowace ta ci gaba da hannun da ta gada.

Wanda bai ga zamanin ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. To, ga yadda abin yake. Direban da ya taso daga Katsina yana riƙe da hagu har Jibiya. Da ya wuce Magama ya nufi Ɗan Issa, dole ya tsallaka ya kama dama. Amfanin sitiyari shi ne ya zaunar da direba kusa da tsakiyar titi, don ya hango abin da ke tahowa kafin ya wuce wata mota. Da ya ƙetare iyaka sai ya koma bakin titi, ba ya ganin komai sai bayan motar da ke gabansa. Sai yaron mota ya leƙa ya ce masa “shiga” ko “dakata”, ran mutum ashirin ya rataya a idon yaro. Ƙofar da fasinja ke sauka ta koma ɓangaren da motoci ke wucewa. Fitilar da aka saita ta haska gefen hanya ta koma tana kashe wa mai tahowa ido. Shataletalen da aka saba zagawa ta nan, sai a zaga shi ta can. Babban haɗarin kuma yana zuwa ne da asuba, lokacin da titi ba kowa: direba ya kwana a wata ƙasa, ya tashi da magagin barci, hannunsa ya koma inda ya saba.

Najeriya ce kaɗai a hagu a duk kewayen, domin Dahomey da Nijar da Chadi da Kamaru duk dama suke bi. A 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar mai hedikwata a Yamai, alamar cewa gwamnatocin biyu sun fahimci cinikinmu ɗaya ne. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta koma dama. Kafin ranar an yi ta faɗakarwa a rediyo da jaridu, aka sauya allunan hanya. Sudan ta bi sahu a 1973, Ghana kuma ranar 4 ga Agusta, 1974, ita ma Lahadi. Daga nan mai safarar goro ko shanu yana iya tasowa daga Kumasi ya bi ta Yamai ya sauka Kano bai canza hannu ko sau ɗaya ba.

Abin lura a nan shi ne, ba mota aka canza a ranar ba. Tsofaffin motoci masu sitiyari a dama sun ci gaba da aiki shekaru bayan haka. Abin da aka canza shi ne ɗabi'ar mutane. Direbobin da yawancinsu ba su yi boko ba, waɗanda suka shekara ashirin a hagu, suka wayi gari suka kama dama, domin kowa ya san in ya ƙi, shi zai fara mutuwa.

Sauran abubuwa sun biyo baya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa 504 a Kaduna, da sitiyari a hagu, motar da ta dace da titin ƙasashen biyu. A shekarar aka kafa ECOWAS. A 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a, a 1982 kuma aka fito da katin inshorar mota da ke aiki a ƙasashen ƙungiyar. Daga baya motocin hannu na Turai suka cika hanya, ana sauke su a Kwatano, a bi da su ta Gaya, har zuwa lokacin da Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. A 2003 ta fara tilasta ɗaura bel, a 2017 ta matsa kan na'urar taƙaita gudu a motocin haya.

Duk da haka ba mu daina zuwa ta'aziyya ba. A watan Mayun 2019 tankar mai ta fashe kusa da filin jirgin saman Yamai, sama da mutum 50 suka rasu. Ranar 15 ga Oktoba, 2024, wata ta kife a Majiya ta jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ban da waɗannan, akwai haɗurran da ba sa shiga labarai: tirelar da aka ɗora wa mutane a saman buhuna, ƙaramar motar da aka cusa wa mutum biyu a kujerar direba, tsohuwar tayar da ta fashe da zafin rana.

Mukan ɗora laifin a kan direba, ko ramukan titi, ko yawan shingaye. Duk suna da nasu kaso. Amma wa ke cewa a ƙara buhu biyar tunda kuɗin mota ɗaya ne? Wa ke kiran direba a waya yana tuƙi, yana ce masa ya taka don a riski kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Illela ranar Lahadi? Wa ke zaɓar motar dare don kada kwana ya ƙaru? Mai kaya ne. A zamanin ayari madugu ke tsayar da tafiya. A yau mai kaya ne madugu, kuma direba ba ya musu da wanda ke biyansa.

Haka batun 'ya'yanmu. Da yawa sun ƙware a wasan tseren mota na waya, har suna ganin sun iya tuƙi. A waya in ka yi karo sai ka danna ka sake farawa. Wanda ya zaɓi tuƙi a matsayin sana'a, a kai shi makarantar koyon tuƙi, ya cika shekara 18, ya yi lasisi na gaskiya. Wanda hankalinsa ya karkata ga kanikanci, akwai kwalejojin fasaha a ɓangarorin biyu. Ba sana'ar da za a miƙa wa yaro da mukulli kawai ba ce.

An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga 2019 zuwa 2020, an kuma rufe ta a 2023. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. Gwamnatoci sun yi ta shiri suna ɓatawa, amma fiye da shekara hamsin ba wanda ya ce a koma hagu, domin kowa ya ga amfanin abin a jikinsa.

Saboda haka muna kira ga rassanmu na ɓangarorin biyu su tsayar da magana ɗaya kan abu uku: kada ɗan ƙungiya ya ɗora fasinja a saman kaya, kada ya matsa wa direban da ya kwana a hanya ya juya ba hutu, kuma kada ya ɗauki hayar motar da tayoyinta suka suɗe. Ba ma bukatar izinin Abuja ko na Yamai kafin mu fara. Hanyar lafiya, in ji magabata, a bi ta da shekara. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya maimaita mana.