Damagaram: Tarihin Tsohon Babban Birnin Nijar da Wuraren Ziyararsa

Damagaram, wadda takardun gwamnati ke kira Zinder, ita ce fadar daular Damagaram, kuma ita ce babban birnin Nijar har shekarar 1926, lokacin da Faransawa suka kwashe ofisoshinsu zuwa Yamai. Tana kan babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas, kimanin kilomita 160 yamma da Gure. Abin da baƙo ke zuwa gani a cikinta ya taru ne a wuri uku: Birni, inda fada take, Zango, unguwar fatake, da dutsen da Faransawa suka kafa barikinsu.

Asalin gidan sarautar daga Barebari ne, a ƙarni na 18, kuma sun daɗe suna kai gaisuwa Borno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaimanu ya zaunar da fada a Zinder. Amma wanda ya ba garin siffar da ake zuwa kallo shi ne Tanimun, wanda ya yi dogon mulki daga 1851 zuwa 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin gari, ya shimfiɗa ikonsa kan maƙwabta, har da ƙasar Muniyo wadda Gure ce fadarta. Dukiyar da ta ɗauki nauyin wannan aiki ta fito ne daga ayarin raƙuma da ke tsakanin Tarabulus, Agadas da Kano, masu ɗauke da gishiri, fatu, gashin jimina da kuma bayi. Masu yi wa baƙi jagora kan tsallake na ƙarshen, alhali da guminsu aka ɗora ganuwar.

Baƙin Turai na farko da suka rubuta labarin garin ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, 'yan binciken ƙasa ne da gwamnatin Ingila ta aiko. James Richardson ya sauka a 1851, ya wuce gabas, ajali ya cim masa kafin ya kai Kukawa. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth, Bajamushen da ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya iso a Disamban 1852. Ta gabas ya shigo: daga Kukawa ya bi ta Muniyo, ya sauka a Gure, ya gana da Muniyoma Koso, sannan ya doshi Zinder, inda ya yi kusan wata guda yana jiran kaya da guzuri. Wato hanyar da ɗan Gure ke bi yau a motar haya, ita ce kusan hanyar da Barth ya bi ya shigo garin. Har yanzu ana nuna gidan da aka ce ya sauka a cikin Birni.

Wani baƙon da ya zo daga baya bai fita da rai ba. A ranar 5 ga Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, don fada na tsoron zai je ya haɗa kai da Rabe, wanda ya riga ya ci Borno. Shekara ta zagayo sojojin Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini a Yulin 1899, gari ya faɗa hannunsu, sarki ya gudu aka bi shi aka kashe. Suka gina bariki a kan duwatsun da ke kallon Birni, suka raɗa masa sunan Cazemajou. Bayan 'yancin kai aka sauya masa suna zuwa na Tanimun. Soja ne ke ciki, don haka daga nesa ake kallonsa, kuma mai hankali ba ya ɗaga kyamara wajen.

A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi gudun hijira Kwaddebuwa, sarautar ba ta koma gidanta ba sai 1923. A tsakanin nan, a 1911, garin ya zama hedikwatar yankin soja na Nijar. Bai daɗe da wannan matsayi ba. Ƙarancin ruwa ya dami Faransawa, ga kuma kusanci da Kano da Ingilishi, ga talakawan da hankalinsu ya fi karkata kudu. Suka koma bakin kogin Kwara.

Damagarawa sun ɗauki wannan ƙaura a matsayin ƙwace, kuma har gobe ana jin ɗacinta a hirar siyasa. Sai dai ta wani ɓangaren ita ta tsare Birni. Da gwamnati ta zauna, da tuni an daidaita lungunan an yanka tituna, an zuba ma'aikatu a inda gidajen ƙasa suke. Da ta tafi, sai aka bar unguwar da siffarta: lunguna matsattsu masu karkacewa tsakanin manyan duwatsu, zaure bayan zaure, zankwaye a saman soro, fuskar gida an yi mata zanen da magini ya fitar da hannunsa tun yaɓe yana ɗanye, wani an bar shi da launin makuba, wani an shafa masa shuɗi da ja da rawaya. A Zango ma akwai irinsu, na attajiran ayari irin su Malam Yaro.

Fadar kuwa ba gidan tarihi ba ce da aka kulle aka sa mai gadi. Sarki na ciki, ana zaman fada, ana kawo ƙara, dogarai na tsaye a ƙofa da jajayen kaya. Baƙo yakan nemi izini, a haɗa shi da wanda zai zaga da shi, ya ba da ɗan goro. Sarki Abubakar Sanda ya hau a 1978, gwamnati ta sauke shi a 2001, ya koma karaga a 2011. Ranar da fadar ta fi cika ita ce ranar hawan Salla, da kakaki da algaita da dawakai cikin ado. Akwai kuma wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon manyan ƙasa, da kasuwar Dole, inda dukawa ke baje jakunkuna da takalma da matasan fata. Wanda ya fito daga Gure zai wuce tafkin Gidimuni da Mirya, garin tukwane da lambuna, kafin ya iso.

A 2006 Nijar ta shigar da Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013, Damagaram na nan tana jira. A halin da ake ciki Turawan da ke tsayawa a nan kan hanyarsu ta Ayar ko duwatsun Tarmit, waɗanda ake shiga ta Gure da Taskar, sun ɗauke ƙafa saboda tawayen arewa, da satar baƙi, da rikicin Boko Haram a jihar Difa. Tarzomar Janairun 2015, wadda aka ƙona cibiyar al'adun Faransa a cikinta, ta ƙara nisanta su. Bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamban 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, ya kawo kwalta da fitilu da sababbin gine-gine, amma kwalta ba ta yaɓe katanga.

Babban abin da ke cin Birni yanzu damina ce da siminti. Gidan ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, magada sun yi yawa, kowa na jiran ɗan'uwansa, magina masu sanin zane suna ƙarewa, wanda ya samu kuɗi kuma bulo da kwano yake so. Ganuwar Tanimun saura guntaye nan da can. Masu ziyarar da suka rage yawancinsu 'yan ƙasa ne da 'yan Najeriya: ɗaliban Jami'ar André Salifou, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin daular, 'yan makaranta, da waɗanda asibiti ko kasuwa ta kawo daga Gure, Magarya da Tanut. Duk wanda wata hidima ta kai shi garin, ya ware rabin yini ya shiga Birni da ƙafa, da sanyin safiya, ya tafi da yaransa.