Maƙeran Azurfa na Agadas: Daga Ayari zuwa Kasuwar Intanet

Agadas birni ne da fatauci ya raya. Tun ƙarni na 15 Sarkin Abzin yake zaune a cikinsa, ayarin raƙuma kuma suna ratsa shi tsakanin Arewacin Afirka da ƙasar Hausa. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a shekarar 1850, ya tarar ana jin Hausa a kasuwarsa, yau kuwa ita ce harshen yau da kullum na mutanen birnin. Daga cikin sana'o'in da suka fitar da sunan Agadas babu kamar ƙirar azurfa.

Abzinawa suna kiran maƙera da sunan inadan. Sana'ar gado ce, maza suna ƙira da sassaƙa, matansu suna dukanci. A da, kowane gidan maƙera yana jingine da wani gida na masu mulki ko masu dukiya. Maƙeri shi ke yi wa ubangidansa takobi da sirdin raƙumi da kwado, ya yi wa matan gidan zobba da abin wuya, a biya shi da hatsi ko dabba ko tufa. Azurfar kuwa daga kuɗi take fitowa. Akan narka tsabar nan ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda Hausawa ke kira liyari, wadda kuma aka yi ta bugawa da shekarar 1780 a jikinta har bayan mutuwar sarauniyar da daɗewa. Maƙeri yakan fara siffanta abin da yake so da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce sai ya fasa yumɓun, ya goge, ya zauna yana zane da hannu. Tun da dole a fasa yumɓun, ba a taɓa samun biyu da suka yi daidai da juna. Ta haka ake yin abin wuyan nan da Turawa suka laƙaba wa suna gicciyen Agadas, ko da yake masu yin sa da masu sa shi Musulmi ne.

A wancan zamani maƙeri ya san mai saye, ya san ubansa da kakansa. Fari ne ya fara raba su. Farin farkon shekarun 1970 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin Abzinawa, iyayen gidan da ke ciyar da maƙera suka koma su ma suna neman na bakinsu. Maƙera da yawa suka kwararo birane, can kuma suka haɗu da sabon mai saye, watau Anasara. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971. A watan Janairun 1979 tseren motocin Paris-Dakar na farko ya bi ta Agadas, Mano Dayak kuma ya kafa kamfaninsa na kai ƴan yawon buɗe ido cikin duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Maƙera suka karanci abin da baƙi ke so. Suka shiga yin cokula da ƴan kunne da maƙalin makulli, suka kuma riƙa jera gicciye 21 a kan allo ɗaya, kowane da sunan wani wuri, kamar Ingal da Timiya da Tawa da Bilma. Wasu suka sami rumfa a gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959. Amma tsakanin maƙeri da baƙo yawanci akwai ɗan jagora ko direba, wanda ke kawo baƙon har ƙofar maƙera ya karɓi la'adarsa.

Wannan kasuwa ba ta yi ƙarko ba. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da ita. Bayan sulhu ta farfaɗo har na wajen shekara goma, sai wani tawayen ya ɓarke a 2007. A 2008 aka soke tseren Dakar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, bai kuma sake komowa Afirka ba. A watan Satumbar 2010 aka sace mutum 7 a Arlit, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su guji arewacin Nijar. Lokacin da UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihi na duniya a 2013, masu zuwa kallonsa sun riga sun ɗauke ƙafa.

A daidai waɗannan shekaru ne kasuwannin intanet suke tasowa a Amurka. An kafa eBay a 1995. Novica, wadda ta keɓanta da kayan sana'ar hannu, ta zo a 1999, ta kuma buɗe ofis a Akara domin masu sana'a na Gana. Etsy ta biyo baya a 2005 daga unguwar Brooklyn ta birnin New York, da sharaɗin a sayar da abin da mutum ya yi da hannunsa, ko tsofaffin kaya, ko kayan aikin sana'a. Tsarin ba shi da wuya. Mai kaya ya sa hoto da farashi, ya biya santi 20 na dalar Amurka, in an saya kamfani ya cire kasonsa. Abin da aka riƙa faɗa shi ne dillali ya gama yawo, mai sana'a zai yi ciniki da mai saye kai tsaye ko da teku na tsakaninsu.

Ga maƙerin Agadas maganar ba ta zama haka ba. Buɗe shago a irin wannan kasuwa yana bukatar asusun banki da kamfanin ya yarda da shi, da iya rubuta Ingilishi ko Faransanci, da hanyar aika kaya wadda mai saye zai iya bin sawunta. Maƙerin da ya haɗa waɗannan duka bai da yawa. Saboda haka shagon yakan kasance a hannun wani ɗan'uwa da ke zaune a Faransa, ko wata tsohuwar baƙuwa da aka yi sabo da ita tun zamanin yawon buɗe ido, ko ɗan kasuwar da ke sari. Dillali dai bai tafi ko'ina ba, mazauni ya sake. Daga cikinsu akwai masu amana, waɗanda suke rubuta sunan maƙeri a ƙarƙashin kayansa suna biyan sa da daraja. Akwai kuma waɗanda maƙerin bai taɓa jin nawa suka sayar da aikinsa ba. Abin da ya ɗan ƙara wa maƙera ƙarfi shi ne wayar hannu. Da WhatsApp da Facebook suka yaɗu, maƙeri yana iya aika hoton aiki tun yana kaki, a yi ciniki da saƙon murya, a turo kuɗi, ba sai ya iya boko ba.

Hoto ya zama rabin cinikin, don mai saye ba ya taɓa kaya, ba ya jin nauyinsu a tafinsa. Su kansu masu ɗaukar hoto sun ga irin wannan juyi. Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan raye-rayen daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014 cikin rashi, bayan hoto mai launi ya kashe kasuwar masu wanke baƙi da fari da hannu. Hotunan bikin shan gishiri na Ingal kuwa, da na kwalliyar samarin Fulani Woɗaaɓe, suna cikin abin da ake sayarwa a intanet, galibi da sunan baƙin da suka ɗauka.

Hoton nan kuma shi ne ya buɗe wa jabu ƙofa. A kan allon waya, farin ƙarfe da aka buga da inji bai da bambanci da azurfar da aka kwana uku ana zane. A watan Oktoban 2013 Etsy ta sassauta dokarta, ta yarda mai shago ya ɗauki ma'aikata ko ya ba wata masana'anta aiki, masu ƙananan sana'a da yawa suka ce an ci amanarsu. Maƙeran Abzin da dama suna rubuta sunansu da baƙaƙen Tifinag a bayan kowane abu don a shaida hannunsu, sai dai mai saye a Jamus ko Kanada ba ya iya karanta shi.

Sauran matsalolin daga nesa ake yanke su. Kason Etsy ya tashi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 5 a 2018, ya kai 6.5 a watan Afrilun 2022, har dubban masu shaguna suka rufe na mako guda don nuna fushi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe wa Nijar iyakoki na wasu watanni, Air France ta daina sauka Yamai, Amurka kuma ta cire ƙasar daga tsarin rangwamen haraji na AGOA tun daga Janairun 2024. A ranar 29 ga Agustan 2025 Amurka ta soke dokar da ke barin ƙunshin da bai wuce dala 800 ba ya shiga ƙasar ba tare da kuɗin kwastan ba. Zobe ɗaya ko sarƙa biyu da ake aikawa cikin ambulan, a ƙarƙashin wannan doka suke shiga a da.